Hoton Inna a Majigi

Fuskar da ta cika farin ƙyallen ta Inna ce.

Suwaibatu ta dafe ƙirji a tsakiyar matan da suka taru a filin firamaren Ƙanƙara. Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifiyarta, ga ta kuma tana motsi, durƙushe a gonar garinsu Pauwa, tana tona gidan tururuwa da ƙaramar fartanya, tana tsince ƙwayar hatsi cikin ƙoƙo. Wuyanta ya zama kamar sillen kara.

"Ashe Larai ce, matar Malam Zailani," in ji wata tsohuwa a bayanta.

Maganar ta bi taron har ɓangaren maza. Sai kuma wata murya ta fito daga cikin fim ɗin tana tambaya da Hausa, "Inna, kwana nawa rabonku da tuwo?"

Ta san muryar. Ta Almu ce, ma'aikacin majigin ofishin yaɗa labarai, wanda za a ɗaura musu aure bayan kaka. Ga shi can tsaye jikin na'ura, shi ke haska fim ɗin.

Shekarar kuɗin man fetur ce. An yi bikin finafinan gaskiya a Kaduna, aka gayyato masu shirya su daga ƙasashen waje, sannan aka ce a zagaya da su garuruwa. Cikin baƙin akwai Madam Kolet, Bafaranshiya, wadda ta ɗauki fim ɗin fari da yunwar da aka yi. Tana zaune a kujerar gaba da furanni a wuya.

Suwaibatu ba ta jira an gama ba. Almu ya bar na'urar tana juyi ya biyo ta bayan ajujuwan da take koyarwa.

"Suwaiba, tsaya dan Allah..."

"Kai ka kai su gidanmu?"

"Ina ɗalibi lokacin, tafinta aka ɗauke ni. Wallahi ban san mahaifiyarki ce ba, ko ke ban san ki ba sannan."

"Amma ka san Pauwa ce. Ka taɓa gaya mani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na tambaye ta kafin a ɗauka, masoyiyata. Ta yarda."

"Mai jin yunwa ake tambaya?" in ji ta. "Jibi kuma garin Sabuwa za ku kai ta, su ma su yi kallo. Muddin abin nan na yawo a duniya, kada ka ƙara kallon fuskata."

Ta tafi ta bar shi tsaye.

Washegari da hantsi, Alhaji Hadi ɗan kwangila ya faka sabuwar Fijo a ƙofar gidansu a Pauwa. Sau biyu yana neman aurenta tana ƙi. Shi ya ga fim ɗin a Kaduna, ya gane Larai don tare suke gari ɗaya, shi kuma ya ba da motarshi da janareto ya nace sai an fara da Ƙanƙara.

Daga tsakar gida tana jin shi a zaure.

"Baba, abin ya yi mani ciwo. A ce yaron da zai zama surukinka shi ya tallata iyalinka ga Turawa?"

Da ya tafi, Malam Zailani ya kira ta. Lokacin farin yana Kurmi neman abin da zai aiko, bai dawo ba sai bayan an binne matarshi. Tun sannan bai cika magana ba.

"Za a mayar ma su Almu da kayan aurensu," ya ce, bai dube ta ba.

"Baba..."

"Ɗiyata, yau ko masallaci na kasa fita. Kowa ya ga abin da na bar uwarki ciki."

Ta koma ɗaki ta kwanta rub da ciki. Tana fushi da Almu, tana kuma son shi kamar jiya. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, duk da haka so take ta sake ganin fuskar nan. Inna ba ta taɓa ɗaukar hoto ba.

Ranar da za a nuna a Sabuwa, ta shiga motar kasuwa zuwa Faskari, inda aka sauke baƙin. Ta samu Madam Kolet a baranda tare da Malam Mamuda, wani mai shirya fim daga Maraɗi. Shi ya yi musu tafinta.

"Ce mata ni ce ɗiyar matar da ke tona tururuwa. Ce mata an ba ta furanni, mu kuma an bar mu da kunya."

Fuskar Baturiyar ta yi ja. Ta shiga ciki ta fito da ƙaramar rikoda.

"Ta ce dama neman dangin mutanen da ta ɗauka take," in ji Malam Mamuda. "Akwai maganar da ba ta shiga fim ba."

Ya danna. Muryar Inna ta fito, a gajiye amma da ƙarfinta.

"Ni na kira ku, ku zo nan. Ba sata nike ba, abinci nike nema ma yara. Ku ɗauka ku kai ma manya a birni su gani." Ta yi tari. "Ɗiyata dai da ke makaranta Katsina, kada a faɗa mata yanzu. Jarrabawa gare ta."

Sai muryar Almu, ƙasa-ƙasa: "Inna, ga gurasata, ki ci tukuna."

Suwaibatu ta zame ta zauna a ƙasa. A waccan shekarar sau uku take cin abinci a makaranta, har tana ƙorafin wake. Ta yi kuka har ɗankwalinta ya jiƙe, Madam Kolet na riƙe da hannunta.

"Ina Almu?" ta tambaya da ta samu numfashi.

"Ya wuce Sabuwa da kayan majigi tun safe."

Tare suka tafi a motar baƙin. Tun daga bakin gari suka ga mutane tsaitsaye a bayan makaranta, ƙasa ta yi baƙi, ƙauri ya cika wurin. Direban motar majigin ne ya ba su labari. Almu ya fitar da fim ɗin daga gwangwanayenshi, ya tara, ya tuttula man janareto. Man ya zubar mashi a riga bai lura ba. Da ya ƙyasta ashana, wutar ta kama shi tare da fim ɗin.

"An wuce da shi asibiti Funtuwa."

Madam Kolet ta faɗi wata magana tana kuka. Malam Mamuda ya fassara.

"Ta ce ai kwafi ne ya ƙona. Uwar fim ɗin tana birnin Faris, akwai wasu kuma a ƙasashe da dama."

Suwaibatu ta juya ta nufi mota.

A asibiti an naɗe shi tun daga ƙirji har wuya. Idanunshi kaɗai ta gane. Likita ya riga ya girgiza mata kai a bakin ƙofa.

"Suwaiba... kin zo?"

"Na zo, Malam. Na ji maganar Inna, na ji gurasar da ka ba ta. Ka yafe mani."

"Ke za ki yafe, abar ƙaunata." Numfashinshi na fita da ƙyar. "Ya ƙone duka?"

Ta kalli Malam Mamuda da ke tsaye a bayan gado. Ya kau da kai.

"Duka," ta ce.

"Babu wanda zai ƙara ganinta?"

"Babu."

"To yanzu zan iya kallon fuskarki."

Ta matso kusa ta janye mayafinta daga goshi. Ya yi ta kallonta, ita ma ba ta ɗauke ido ba. Bayan la'asar ya cika.

Malam Zailani ya saurari kaset ɗin da Madam Kolet ta bar ma Suwaibatu ranar sadakar uku, shi kaɗai a zaure. Da ya fito ya sa hula ya tafi gidan su Almu da ƙafa ya yi gaisuwa, ya ce a bar kayan auren inda suke. Alhaji Hadi ya turo manya neman aure bayan arba'in. Malam ya ba su ruwa suka sha, ya raka su har mota, bai karɓi maganar ba.

Baƙin sun koma ƙasashensu. Suwaibatu ta nemi a mayar da ita makarantar Pauwa, ta zauna kusa da mahaifinta. Duk wanda ya zo da maganar aure, amsarta ɗaya ce: an riga an kawo kayanta.