Ƙurar Zinari da Ƙafar Malam Namadi

A barandar asibiti a Anka Sufyanu ya fara ganin Hamsatu, tana korar ƙuda daga ƙafar mahaifinta da bakin mayafinta. Shi ɗan Gummi ne, yana digiri na biyu a Sakkwato, ya zo ɗibar ruwan gyambon marasa lafiya don bincikensa. Da ya kwance bandejin Malam Namadi, wari ya sa mutanen kan benci suka ja baya. Ita kuwa ta durƙusa ta riƙe masa tasa.

"Tun yaushe ne?" ya tambaye ta.

"Tun damina. Ciwon suga gare shi, ƙaya ta soke shi a gona. Ba kafson da bai sha ba."

Ya karɓi lambarta don ya sanar da ita sakamako. Sakamakon bai zo da daɗi ba: ƙwayoyin cutar da ke ƙafar sun saba da magani, duk wanda aka gwada ba ya kashe su. Ya faɗa mata, ta yi kuka a waya, shi kuma ya kasa kashewa. Daga ranar kullum sai sun yi magana.

Wata safiya saƙonsa ya shigo:

"Hamsa tawa, aikina ya fara yi. Muna mayar da zinari ƙura ƙanana da ido ba ya gani. Na zuba ta kan ƙwayoyin ƙafar Baba a cikin faranti, na haska musu jar fitila, ƙurar ta ɗauki zafi ta kashe su. Ke na fara tunawa."

Ta amsa:

"Na yi murna, Malamina. Amma don Allah kar ka ambaci zinari gaban Baba."

A Abare aka haife ta. Shekarar da ake dakan dutsen zinari cikin gidaje, gubar dalma ta kashe ƙannenta biyu, Isa da Atine. Bayan jana'iza Malam Namadi ya kwashe iyalinsa zuwa Anka, bai sake waiwayar garin ba.

Maganar ba ta ɓoyu ba. Arzika, wani mai kemis a Bukkuyum da ke kawo wa tsohon magani, shi ma yana son Hamsatu, shi ya kai labari. Da kawunnan Sufyanu suka zo neman aure, ko goron ba a buɗe ba.

"Ku yi haƙuri," in ji Malam Namadi. "Mai taɓa zinari ba shi shiga gidana."

Ƙafa ta ci gaba da baƙi. Likita ya ce sai an yanke. Hamsatu ta kira Sufyanu.

"Kawo ƙurar nan ka sa wa Baba. Inna ta yarda, shi ba sai ya sani ba."

"Hamsa, a faranti na gwada. Ban san abin da za ta yi a jikin mutum ba. Akwai sauran shekaru."

"Kai ka ce ta kashe su."

"Ta kashe su. Tana iya kashe shi shi ma."

Ta ce, "Don ya hana ka ni ne, ko?"

Ta kashe wayar. Ya aika saƙo ya sake aikawa, ba amsa.

Arzika ya zo da wata allura da ya rantse za ta hana yanka. Aka bar asibiti aka bi ta. Cikin mako guda zazzaɓi ya kwantar da tsohon, kumburi ya haura gwiwa, aka ɗauke shi sai Gusau. Arzika bai bi su ba. Sufyanu ya ji labari a bakin wani nas, ya bar Sakkwato ya same su, ya ba da jininsa, ya koma waje ya zauna.

Inna ce ta faɗa wa mijinta duk yadda aka yi. Ya sa a kira Sufyanu.

"An ce an roƙe ka ka sa mini abin naka a ɓoye, ka ƙi. Don mi?"

"Ban da tabbas a kansa, Baba."

"Da ka sa na warke, da na ba ka ita."

"Na sani."

Tsohon ya rufe ido. "Mu da muka daka dutsen nan, ba wanda ya ce muna bai da tabbas," ya ce a hankali. "Ka turo kawunnanka."

Aka yanke ƙafar sama da gwiwa. A ƙofar ɗakin tiyata Hamsatu ta tsaya kusa da Sufyanu, kanta a ƙasa.

"Ka yafe mini, Malamina."

"Ban riƙe ki ba, Hamsa tawa. Ni ma da zan iya, da na yi."

An ɗaura auren bayan girbi, ba kiɗa ba taro mai yawa. Malam Namadi ya rame, magana ma da ƙyar. Direban motar amarya yana ta gaggawa, don ba mai son la'asar ta same shi a hanyar Gummi. Amarya ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka, ya dafa kanta.

"Allah shi yi muku albarka. Allah shi ba ku 'ya'ya, shi raya muku su."

Inna ta ce amin, ta juya fuska.

Tsohon ya jawo sandarsa don ya raka 'yarsa bakin zaure. Ya yunƙura, ya koma zaune. Sufyanu ya ajiye hularsa, ya sa kafaɗa ƙarƙashin hammatar surukinsa ya ɗaga shi. Haka suka taka a hankali har ƙofa, direba na danna oda, ba wanda ya kula shi.