Gawar da Aka Juya Gabas

Sufeto Ma'aruf yana tsaye a kicin yana kallon shayinsa na hucewa aka bugo waya. An tsinci gawa a Bakin Teku.

Babu teku a Greensboro, garin nan na Amurka. Bakin Teku gidan cin kifi ne a wani lungu bayan Elm Street, na Alhaji Boukari, mutumin Nijar da bai taɓa jiƙa ƙafarsa da ruwan gishiri ba. Ya sa an zana masa igiyar ruwa a bango, ya zuba yashin gini a bakin ƙofa, ya rataya tsuntsayen roba a silin. Ya kuma sayo tsohuwar angar jirgin ruwa, ƙarfe mai nauyin maraƙi, ya girke ta a tsakiyar ɗaki.

Ma'aruf ya zura doguwar kwat ya kifa malafa, ko da yake watan Yuli ne. Marigayiya matarsa Suwaiba ce ta saya masa su don tsokana, wai ɗan sandan ciki ba ya cika sai da su. Tun rasuwarta bara waccan kullum yake sa su. Zafi ba ya damunsa. Babu abin da ke damunsa, abinci ma duk ɗanɗanonsa ɗaya.

"Dadi, Tanti Oumou za ta zo yau? Ta ce za ta yi min kitso," in ji 'yarsa Afnan da Turanci.

"Yaushe ta taɓa ƙin zuwa?"

Tanti Oumou yayar Alhaji Boukari ce, ita ke girki a gidan kifin. Tun da Suwaiba ta rasu ita ta riƙe Afnan: kitsonta, tuwonta, faɗanta, kukanta na dare. Ma'aruf bai gaya wa yarinyar inda za shi ba.

A Bakin Teku, Alhaji Boukari ne da kansa kwance kusa da angarsa, ƙeya a fashe, jini ya bushe a ƙugiyar ƙarfen. Ba a taɓa akwatin kuɗi ba.

Sajan da ke aiki da shi, wani Bature mai yawan cin cingam, ya sosa kai. "Yallaɓai, wane irin mai kisa ne zai kashe mutum sannan ya ɗaure masa haɓa kamar mai ciwon haƙori?"

Ma'aruf ya durƙusa. An rufe idanun mamacin. An ɗaure haɓarsa da ƙyallen atamfa shuɗiya. An miƙe ƙafafunsa, an kwantar da shi ta dama, fuskarsa na kallon tagar da hantsi ke shigowa.

"Sutura aka fara yi masa," in ji shi. "Haka muke yi wa namu."

Ya ciro waya ya buɗe manhajar alƙibla. Kibiyar ta nuna kusurwar da firiza take, arewa maso gabas, inda duk masallacin garin nan ke kallo. Gawar kuwa gabas sak aka juya ta, kamar a gida. Ya daɗe yana duban ƙyallen nan, sannan ya miƙe.

Confidence, mai karɓar kuɗi, ita ta buɗe shago ta ga gawar. Tana zaune kan yashi tana fifita da takardar abinci.

"Sufeto, ruwan sama za a yi ne ba mu sani ba?" ta ce tana kallon kwat ɗin.

"Wa ke ƙin Alhaji?"

"Kowa na son Alhaji."

"Har ke?"

"Ni ba kowa ba ce."

"Wa ya zo jiya bayan kun rufe?"

"Ba kowa. Na tafi na bar shi yana goge angarsa. Ya fi goge ta da goge haƙoransa, Allah ya ji ƙansa." Ta dubi silin. "Amma ka ji shirun nan? Rediyon ƙarar teku. Dare da rana ba a kashe shi, har mafarkinsa nake yi. Yau na tarar da shi a kashe."

Wani bai so a bar gawa da hayaniya ba ke nan. Ma'aruf ya buɗe firiza. Kwalayen kifi sababbi, ƙanƙararsu ko dunƙulewa ba ta yi ba.

"Waɗannan iyo suka yi suka zo?"

Confidence ta daina fifita. "Djibrilla ne, mai kawo kaya. Ya makara jiya. Sufeto, don Allah, matarsa cikin wata tara gare ta, takardunsa kuma ba su gama fitowa ba. In kuka taɓa shi ya tafi ke nan."

Kafin azahar Saje ya kawo Djibrilla ofis, yana murna. Baƙo ne, bai fi wata uku a ƙasar ba, sawun yatsunsa na jikin ƙofa, kuma baƙo ne kaɗai zai juya gawa yadda ake yi a can.

"Ban je ba, Yallaɓai," in ji Djibrilla. "Wallahi ina gareji."

"Kifin fa?"

"Wataƙila wani ne."

"Wani mai hannunka?"

Djibrilla ya roƙi a bar shi ya yi salla, ya roƙi a ara masa wayarsa. Ma'aruf yana kallo Djibrilla ya ɗora ta a tafin hannu, ya juya, ya ƙara juyawa, har kibiya ta tsaya. Ya fuskanci kusurwar ɗaki, arewa maso gabas, ya ta da kabbara.

Da ya sallame, Ma'aruf ya ce, "Ba kai ka juya gawar ba. Amma ka je. Me ka gani?"

Djibrilla ya share fuska. "Na sauke kaya, na shiga kicin in yi wa Tanti Oumou gaisuwa. Sai jiya Allah ya haɗa mu."

"Gaisuwar me?"

"Ta Inna, mahaifiyarsu. Unguwarmu ɗaya a Damagaram, da ni aka kai ta, tun kafin azumi. Na ce Tanti ya haƙuri. Ta ce haƙurin me? Na ce na Inna. Sai ta saki ludayi. Nan na gane na yi ɓarna. Na ja motata na gudu."

Ma'aruf ya tuƙa zuwa gidansa a McLeansville, Saje na binsa a baya. A ƙofar gida ya kashe mota ya zauna. Saje bai ji Hausar da aka yi ba. In ya yi shiru, Djibrilla zai ɗauki laifin, Afnan kuma ta kwana da uwa a gida. Ya jira ko zuciyarsa za ta ce wani abu. Ba ta ce ba. Ya buɗe ƙofa.

Afnan na zaune kan kafet, rabin kai a kitse, rabi a tsefe. Tanti Oumou na la'asar a falo, ta ba rana baya, ta kalli gabas sak. Haka take yi tun zuwanta ƙasar nan. Ranar da Suwaiba ta cika a ɗakin can, ita ta rufe mata ido ta juya ta haka. Da matar liman ta zo gyarawa sai Tanti ta ce ita tun tana yarinya inda rana ke fitowa take kallo, waya ba za ta koya mata salla ba.

Ɗankwalinta shuɗi ne. Gefensa a yage.

"Afnan, je ki ɗaki," in ji Ma'aruf.

Tanti ta shafa addu'a ta naɗe darduma. "Ka ci abinci, baban Afnan?"

"Ina kika je jiya da yamma, Tanti?"

"Kaina ya yi ciwo, na bar shago tun la'asar."

"An kama Djibrilla."

Hannunta ya tsaya kan dardumar. "Yaron nan gaisuwa kawai ya yi."

"Na sani."

Ta zauna a hankali. Muryarta ba kuka, kamar mai lissafa cefane.

"Duk Juma'a sai Boukari ya ce min Inna ta gaishe ki, kunnenta ne ya yi nauyi, ba ta jin waya. Ni kuma in ba shi saƙo. Na saya mata rigar sanyi, na ce in an sha ruwa ta riƙa sawa. Ashe ƙasa nake saya wa riga. Jiya na tare shi. Ya ce Yaya, ai an saba ɓoye wa na nesa mutuwa. Na ce kwana biyu ake ɓoyewa, ba a ɓoye azumi da salla. Ka san me ya ce? Ya ce in kin tafi wa zai yi miya?"

Ta dubi tafin hannunta.

"Na ture shi. Sau nawa na ture shi yana yaro? A da babu anga a bayansa. Da na ga ya daina motsi sai na kashe masa tekun nan nasa, na gyara shi. Ƙanena ne, ni na goye shi. Ba zan bar shi baki buɗe kamar kifinsa ba."

"Dole ki biyo ni, Tanti."

"Na sani. Bar ni in ƙarasa kan yarinyar."

Ya bar ta. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo tana tsaga, tana kitsewa, tana ja da ƙarfi yadda zai daɗe. Ta ce akwai miyar kuka a firiza, a riƙa ɗumamawa da ƙaramar wuta. Saje ya ciro ankwa, Ma'aruf ya girgiza masa kai.

Suna fita Afnan ta biyo su ba takalmi. "Baba, ina za ka kai ta?"

Da Hausa ta yi tambayar. Rabon da ya ji Hausa a bakinta tun ranar jana'izar uwarta. Wata maƙwabciya ta zo ta kama hannun yarinyar.

A mota Tanti Oumou ta zauna a baya, ta gyara yagaggen ɗankwalinta.

"Baban Afnan, tekun nan na gaskiya, wane gefe yake?"

"Gabas, Tanti."

Ta juya fuskarta can. Ma'aruf ya kama sitiyari, sai ya ji gumi na bin bayansa, kwat ɗin ta yi masa nauyi, wuyansa na ƙuna. Ya cire malafar ya ajiye a kujera, ya ta da mota.