Muryar da Ke Ƙarƙashin Waƙa

Ciwon kunne ne ya kai shi kemis ɗin, kuma abin dariya ne a ce mutumin da duk layin ke kira Kunne, kunnen ne ya kayar da shi. Sana'arsa tace sauti. A kawo masa tsohon kaset ko naɗin biki da iska ta ɓata, ya zauna gaban kwamfuta ya tsince ƙarar ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Ya samu wata budurwa a bayan kantar kemis ɗin tana jera kwalayen magani tana kaɗa kai. A kan firji akwai wata 'yar lasifika tana zuba kiɗan rawa, ga ta a fashe, duk bugu sai ta yi zirr. Ya miƙa takardar likita, amma hankalinsa na kan firjin.

"Malama, don Allah lasifikar nan ba ta damun ki? Kuka fa take yi."

Ta duba takardar, ta dube shi. "Kai da ka zo da ciwon kunne, kai ne za ka ji abin da masu lafiya ba su ji ba?"

Ya tafi da maganinsa da lasifikarta, washegari ya dawo da ita garau. Daga nan sai ciwo ya yi masa yawa. Yau auduga, gobe bandeji, jibi maganin tarin da ba ya yi. Sai da ta ce masa in dai ita yake zuwa gani ya daina wahalar da kansa, ya zo hannu rabbana, kujerar masu jira ba ta kowa ba ce.

A gidansu Auta ake ce mata, shi ma ya kama. Ita kuwa Tsohona ta sa masa, don duk duniya mawaƙi ɗaya yake ji, wani dattijo da ya daɗe da rasuwa, wanda masoyansa ke kira Mai Jita. Kunne ya san shekarar kowace waƙarsa, ya san inda ya yi tari a cikin kowane naɗi. In aka taɓo Mai Jita, to a nemi wurin zama. Ya tura mata waƙa ɗaya, ya kasa zaune ya kasa tsaye yana jiran hukunci, sai ga saƙo.

"Tsohona, na saurari mutumin naka. Minti tara yana kuka da jita ɗaya. Ko haƙori ke masa ciwo? Da yana raye da na ce ka turo shi kemis."

"Autar zuciyata, naki mawaƙin kalma huɗu ya sani, biyu daga ciki sunansa ne. Amma tunda ke kike ji, na sa shi a wayata. Ki rufa min asiri."

Shekarar ba ta kwanciyar hankali ba ce. Ana ta yaƙi da 'yan ta'adda a can bakin iyaka, a nan cikin gari kuwa kowace mahaɗar titi da shingen bincike, kowa na kallon jakar ɗan'uwansa. In tayar mota ta fashe sai ka ga mutane sun watse. Wata rana da yamma suna tafe a ƙasa, ya tambaye ta me take samu a kiɗan da ba ya cewa komai. Sai da suka wuce wani shinge, sannan ta gaya masa cewa yayanta soja ne, shekara biyu ke nan da aka yi musu kwanton ɓauna, kayansa kawai aka kawo gida.

"Shi ya sa nake son waƙar da ba ta cewa komai," in ji ta. "Masu cewa wani abu, duk shi suke tuna min."

Ranar ya san ba wasa yake yi ba. Son ta yake, so mai hana cin abinci.

Da lokaci ya yi, ta ce ya zo ya gaida Baba. Baba tsohon soja ne, ya yi ritaya da ɗingishi da lambar yabo uku. Falonsa tsaf, kujeru a jere kamar an yi musu fareti, hoton Yaya da kaki a saman talabijin. Hira ta fara kyau. Baba ya tambayi sana'a, ya tambayi iyaye, har ya yi murmushi sau ɗaya. Sai wayar Kunne ta yi ƙara a aljihu, muryar Mai Jita ta cika falon da baitin nan nasa da kowa ya sani: da wanda ya harba da wanda ya faɗi, duk uwa ce ta goya su.

Auta ta manta ba ta gaya masa ba cewa a gidan nan ko sunan Mai Jita ba a faɗa.

Baba ya ajiye kofin shayinsa a hankali. "Wanda ya dasa bam a tashar mota, da ɗana da ya je ya tare shi, su ne mawaƙinka ya goya da zani ɗaya?"

Mai hankali da ya ba da haƙuri ya kashe wayar. Amma an taɓo Mai Jita. Kunne ya gyara zama ya ce shi ma ya tsani 'yan ta'adda, ba ya nema musu uzuri ko na ƙwayar zarra. Sai dai jirgin da ya je neman su ya taɓa sauke wuta a ƙauyen kakarsa, aka binne mutum goma sha ɗaya da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ya ce waƙar makoki ce, ba shari'a ba. Auta na ta yi masa alama da ido daga bakin ƙofa, ko kallon ta bai yi ba.

"Kana zaune a ɗaki mai sanyi da abu toshe a kunne," in ji Baba, "don ɗan wani yana tsaye a rana da bindiga. Ni ba zan ba da 'yata inda za a riƙa yi wa jinin ɗana waƙar nan da safe ba. Tashi ka ba ni wuri."

Sati bai zagayo ba wani Kyaftin ya fara zuwa gidan neman auren Auta. Abokin Yaya ne, shi ya kawo kayansa, mutum mai natsuwa wanda ba ka da abin da za ka zage shi da shi, abin da ya fi ƙona wa Kunne rai ke nan. Baba ya ba shi kujerar kusa da shi. Kunne ya koma zarya tsakanin shagonsa da bakin titin kemis, ya buɗe aiki ya rufe, ya duba waya sau ɗari.

"Tsohona, ban ce wa kowa e ba. Amma Baba ya ce wata ɗaya ya ba ni in amsa wa Kyaftin. Ka daina wucewa ta gaban kemis kana yi kamar ba ka gan ni ba, duk ma'aikata sun gane ka."

Ana cikin haka ta shigo shagonsa da rana, idonta a kumbure. Ta ajiye wani ɗan memori na waya a kan tebur, ta ce akwai naɗi guda ɗaya a ciki, iska da ƙarar janareta sun yi masa yawa, ya gyara mata. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ta fasa, ta fita.

Yana sawa a kunne ya miƙe tsaye. Mai Jita ne, wani ya naɗo shi daga rediyo, kuma waƙa ce da Kunne ya shekara takwas yana nema bai samu ba. Ya ɗauka kyauta ce ta kawo masa ta lallashi. Kwana biyu ya yi a kanta. Ya cire iska, ya cire janareta, ya cire ƙarar cokali a kwano. Akwai kuma wani mutum kusa da wayar da ke bin waƙar ƙasa-ƙasa, yana shiga kafin lokaci, yana jan abin da ba a ja. Wannan ya fi ba shi wuya, amma ya bi shi gaɓa-gaɓa har ya share shi tas. Ya mayar da tatacciyar a kan memorin a madadin tsohuwar, ya kai mata kemis yana washe baki.

"Ji nan, Autata. Kamar yana gabanki. Har wani ƙato da ke ɓata waƙar da muryarsa na kore shi."

Ta sa abin a kunne. Ya ga fuskarta na sauyawa, ta mayar baya, ta sake mayarwa.

"Ƙaton Yaya ne," ta ce. "Daga wayarsa na ciro. Ita kaɗai ce muryarsa da ta rage mana."

Ba ta yi ihu ba. Ta cire rigar aiki ta rataye, ta fita ta ƙofar baya. Kafin ya isa shago ta toshe lambarsa.

Kunne ya ji kunyar da bai taɓa ji ba. Shi da ke taƙamar jin abin da kowa bai ji ba, an miƙo masa mutum ya ji ƙara. Abu ɗaya ya cece shi, ƙa'idar sana'a: ba ya taɓa aiki sai ya ajiye asalinsa a gefe. Ya buɗe asalin ya saurara, wannan karon ba Mai Jita yake bi ba. Ya ji saurayi yana cin abinci a sansani, yana bin waƙa da baki cike, wani ya tsokane shi ya yi dariya ya ce a bar shi, wannan waƙar gida take kai shi.

Sai ya yi abin da bai taɓa zaton hannunsa zai iya ba. Ya kama waƙar da ya shekara takwas yana nema, ya shiga cire Mai Jita daga cikinta. Ya cire jitar, ya cire muryar da ya fi so a duniya, ya bar wadda ba ta kan hanya. Kwana biyar ya yi, don muryar Yaya siririya ce a ƙarƙashi, in ka ja da ƙarfi sai ta tsinke.

Ya ari wayar maƙwabcinsa tela ya tura mata saƙo.

"Auta, Yaya bai ɓata ba, yana wurina. Na san kin ɓoye wa Baba don kada ya ji wa ɗansa ke saurare. Amma uba ya fi ni da ke haƙƙin muryar nan. Gobe da hantsi zan kawo. In kin ce kada na zo, zan aiko miki ke kaɗai, ba kuma za ki sake gani na a titinku ba."

Amsa ba ta zo ba sai da gari ya waye. "Ka zo. Ka kashe wayarka tun daga bakin get."

Baba bai ce ya zauna ba. Kunne ya durƙusa ya faɗi laifinsa duka, bai rage komai ba, har kalmar ƙato sai da ya maimaita. Ya ce bai zo neman aure ba, amana ya kawo. Ya ajiye 'yar lasifika a kan tebur ya danna.

Muryar Yaya ta fito ita kaɗai, ba kiɗa ba komai. Mama da ke kicin ta saki abin da ke hannunta ta fito. Yaya na jan baiti yana tauna, ya tsaya inda mawaƙin ke numfashi, ya sake shiga kafin lokaci. Ya yi dariyarsa. Can wajen ƙarshe waƙar ta dawo kan maganar uwaye masu goyo, irin dai wadda ta sa aka kori Kunne, Yaya ya rera ta a hankali, nan kaɗai bai yi kuskure ba.

Auta na jingine da bango tana kuka mara sauti. Baba ya daɗe yana kallon hoton da ke saman talabijin, sannan ya tambayi me ya sa ake jin wurare shiru a tsakani. Kunne ya ce nan ne mawaƙin yake, shi ya cire shi don ya san Baba ba ya son sa.

"Har gobe ba na son sa," in ji Baba. "Kuma har gobe ina cewa wanda ya kashe min ɗa ba ɗaya suke da ɗana ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Amma mayar masa da mawaƙinsa. Kada ka bar min yaro yana waƙa shi kaɗai."

Kunne ya ce yana da asalin a aljihu. Baba ya nuna masa kujera da haɓa, ya ce to ya zauna ya sa, tsayuwar ta isa haka.

Kyaftin da kansa ya janye da ya ji labari, ya ce ya san waƙar, a gefensa Yaya yake zaune ranar. Bayan wata uku aka ɗaura aure. Wajen kiɗan biki amarya ta yi rantsuwa ba za a yi mata kukan minti tara ba, ango ya sha kaye, aka kwashi rawa da mawaƙin nan mai kalma huɗu.

Da za su tafi, Baba ya riƙe hannun Auta ya sa a na Kunne. Ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya a ɗaki da kuma a ƙasa, ya sa 'ya'yansu su tashi ba su san ƙarar bindiga ba. Kowa ya ce amin. Sai ya matso kusa da angon, ya rage murya.

"Ran Asabar ka zo da wuri. Gardamarmu ba ta ƙare ba, kuma na daɗe ban samu ɗan da zan yi ta da shi ba."