Ɓatan Kawu Shiru Ranar Tantancewa

Jama'ata, mabiyana na gida da na waje, har da ku masu karantawa ku gudu ba ko sannu, duk na gaishe ku. Ku gyara zama. Yau labarin wani mara lafiya na kawo muku, wanda bai taɓa ciwo ba, kuma bai taɓa warkewa ba.

Da sanyin safiya aka kira caji ofis daga wata kwalejin koyon jinya: an yi sata. Insifeto ya ja Kofur ɗinsa suka tafi.

Tun daga bakin get warin fenti ya tare su. An shafe bango, an shafe duwatsun hanya, har gindin bishiya bai tsira ba. Babbar ƙofar ma an ɗaure ta da igiya don fentin bai bushe ba, sai a waje suka bar motarsu.

"Yallaɓai, biki ake?" in ji Kofur.

"Wanda ya fi biki. Rufe bakinka."

Ranar ce masu tantance inganci za su zo daga ƙasar waje. In suka sa hannu, satifiket ɗin kwalejin zai yi aiki a asibitocin ƙetare. In suka ƙi, 'yan ajin ƙarshe sai dai su yi fifita da nasu.

Shugaban sashe, wanda kowa ke ce wa Farfesa, ya tare su yana sharce gumi cikin kwat.

"Insifeto, an kashe mu! An sace mutum-mutumin da ɗalibai ke koyon aiki a kansa. Na roba ne, amma yana numfashi, yana da bugun zuciya. Shi baƙin nan za su fara tambaya."

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Ni da malamar ɗakin gwaji. Ni dai ka taimaka ka rubuta min rahoto, ka buga hatimi, in nuna musu muna da shi, sace shi aka yi."

"Mu ga ɗakin tukuna."

Ɗakin tas, ƙofa lafiya lau, taga lafiya lau. Gado ɗaya a tsakiya, katifarsa ko ledar kanti ba a cire mata ba. Insifeto ya shafa ta, ya dubi Kofur.

"Ka taɓa ganin gadon koyon aiki da babu tabo ko ɗaya?"

"Ko na amarya bai kai wannan ba, Yallaɓai."

A baranda ɗalibai sun yi cirko-cirko cikin fararen riguna. Insifeto ya yafito shugabarsu, wata doguwa mai ido a tsaye da suke kira Monita.

"Kin san abin da aka sace?"

"Kawu Shiru? Kowa ya san shi."

"Wa?"

"Haka muka sa masa suna, ranka ya daɗe. Ba ya magana, ba ya biyan kuɗin makaranta."

"Yaushe rabon da ki yi masa allura?"

Ta saci kallon Farfesa da ke can nesa yana waya. "Kullum muna yi."

"A wane hannu ake samun jijiyarsa?"

Ta fara kame-kame.

"'Yata, ƙarya ga ɗan sanda ba ta da arha."

"Wallahi ta gilashin taga kawai muke ganinsa. Satin nan aka kawo shi. Mu a jikin lemo muke koyon allura."

Kofur ya dafe ƙirji. "Lemo? Allah ka raba mu da ciwo."

Sai malamar ɗakin gwaji, wadda ɗalibai ke ce wa Anti. Tana zaune a tsorace, don tun safe Farfesa ya gaya wa kowa ita ce ta ƙarshen fita jiya.

"Ke kika ɗauka?"

"In kai shi ina? Ya fi ni nauyi. Ni da jakar hannu na fita."

"Daga ina aka sayo shi?"

"Ban... ban san komai ba."

"To tashi mu je ofis, ƙila a can ki tuna."

Nan ta fashe da kuka. "Ba saye aka yi ba, aro ne! Daga kwalejin surukin Farfesa aka kawo. Haka suke yi: in baƙi za su zo nan a kawo nan, in za su je can a mayar can. Har littattafan laburare ma rabi na aro ne."

"To mai aro me zai sa ya yi kukan sata?"

"Ni dai abin da na gani, jiya da aka ce an canja shugaban tawagar, wata mata ce za ta zo, Farfesa ya zauna daɓas kamar an zare masa laka. Ya ce, 'Ita ce ta je tantancewa wajen surukina.'"

Insifeto ya juya. Ya nufi ɗakin maigadi.

"Baba, yau wa ya fita da kaya?"

"Ko kaza ba ta fita ba, ɗana. Ƙofa a ɗaure take."

"Na yarda. To wa ya yi niyyar fita?"

Tsohon ya fara gyara hular da ba ta karkace ba.

"Baba, ga keken marasa lafiya can a yashe bayan ɗakinka, tayarsa duk farin fenti. Da kansa ya zo shan iska?"

"Ai... Farfesa ne ya turo wani a kan keken da sassafe, an lulluɓe shi da bargo. Ya ce ɗalibi ne ya suma, kar in faɗa, kar a ba yaro kunya. Ya sa shi a mota, sai masu fenti suka hana shi fita."

"Ɗalibin ya yi magana?"

"Ko tari bai yi ba."

Kofur ya ce, "Kawu ke nan, bai canja hali ba."

Suna isa wajen ajiye motoci, sai ga Monita ta sha gabansu da gudu. Duk ta ji abin da ake ciki.

"Ranka ya daɗe, don girman Allah ka bari sai baƙin sun tafi. Mahaifiyata gonarta ta sayar ta sa ni nan. Akwai asibitin da ya ce zai ɗauke ni a waje in an tantance mu. Mu me muka yi?"

Insifeto ya tsaya. Ya dube ta, ya waiga. Can bakin get an fara kwance igiya, farar motar baƙi ta kunno kai.

"Ba ku yi komai ba," ya ce a hankali. "Amma in na yi shiru, Anti ce za ta kwana a sel. Kofur, kira min Farfesa, ya zo da makullin motarsa."

Farfesa ya iso da murmushin dole. "An gama rahoton?"

"Saura kaɗan. Buɗe but ɗin motar."

"Insifeto, ka san da wa kake magana?"

"Da mutumin da aka yi wa sata, amma tun safe bai ce min 'nemo' ba sau ɗaya, sai 'rubuta'. Buɗe."

But ya buɗe. Ga Kawu Shiru a naɗe cikin bargo, ƙafa ɗaya a waje, ido a sama.

Daidai nan baƙin suka ƙaraso. Shugabarsu, wata 'yar dattijuwa mai gilashi, ta leƙa, ta kama ƙafar ta ɗaga. A tafin ƙafar ga sa hannunta da alƙalamin da ba ya goguwa. Ashe al'adarta ce, duk kayan da ta duba sai ta yi musu alama a inda ba a lura.

Ta ce wani abu, tafinta ya fassara: "Ta ce ashe yana nan, yaya ƙarin sauƙi?"

Ba wanda ya yi dariya, har Kofur.

Farfesa ya jingina da mota. "Da daddare na ga alamar. Na sa sabulu, na sa fetur, ta ƙi fita. Na ce in ta gan shi mun mutu, in babu shi mun mutu, gara a ce sata ce. Don yaran nan na yi."

"Don yaran ka rataya wa Anti sata?" in ji Insifeto. "Rahoton ƙarya da ƙazafi. Kofur, ankwa."

Aka wuce da shi ta tsakiyar ɗalibansa, kafaɗar kwat ɗinsa ta gogi ƙofa ta kwashi fenti.

Baƙin suka zauna da shugabannin kwalejin, suka ce ba za su sa hannu ba sai an sayi kayan gaskiya, su dawo baɗi. 'Yan ajin ƙarshe kuwa bana za su kammala, tantancewar baɗi ba za ta same su ba.

Insifeto zai shiga mota ya hangi Monita zaune a kan matakala, waya a kunne. Ya ji tana cewa, "Umma, kina zaune? Zauna tukuna."

To jama'a, kar ku yi min wayon "Allah ya kyauta" ku zame. Da kai ne Insifeto, ga yarinya na roƙo, ga Anti na kuka, ga motar baƙi a get, za ka buɗe but ɗin nan, ko za ka ɗan duba agogo ka jira baƙin su tafi?