Gadar da Auta Ta Rushe

Auta ta tura ƙofar ɗakin allura, ta zauna a bakin gadon marasa lafiya, ta zaro waya daga aljihun farar rigarta. Tun asuba take tsaye, ƙafafu duk sun kumbura. Ta buɗe shafin, ta gangara ƙasa. Layinta ne dai na ƙarshe, yadda ta bar shi kwana ashirin da tara da suka wuce: "Ruwa ya zo da safe, ya tafi da gadar gaba ɗaya."

Mai Fanka, saurayinta, bai ƙara ko harafi ba.

Wasa ne fa, amma irin wasan nan mai cin rai. Mutum arba'in da wani abu ne suka haɗu a wani shafin wiki, inda kowa ke iya shiga ya yi rubutu, suna ƙirƙirar ƙasar da babu ita a duniya, kowa da garinsa. Dokokin ba su da yawa, sai dai ba sa lanƙwasuwa. Abin da aka rubuta ya faru ke nan, ba mai gogewa, ko da shi mai rubutun ne. Shafin da kuke tarayya da wani, ba ka rubutu sau biyu a jere, sai ya amsa. Wanda kuma ya yi shiru kwana talatin, garinsa ya zama kufai, mai so ya ɗauka.

A can suka san juna. Ita da garin masu gishiri, shi da na masunta a tsallaken kogi. Wata takwas suna gina gada, ita layi shi layi, kafin ta gano ashe shagonsa na gyaran fanka yana bayan asibitinsu.

Ranar da ya je gidansu gaisuwa, wanta Yaya Babba ya kalle shi sama da ƙasa, ya ce mutumin da ke gina birni a waya alhali ɗaki ɗaya yake haya, da me zai riƙe mace? Bawan Allah ya haɗiye. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne ranar da ya ce mata su ƙara haƙuri wata shida kan maganar aure, Auta kuwa ta fito daga aikin kwana biyu a jere, ta maimaita masa maganar Yaya da bakinta. Tana komawa gida ta aika wa gadar ruwa.

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Alƙali ne, mai kula da dokokin wasan, wanda shi ma yake sonta, tuni ya fara kai wa Yaya ziyara a mota. Ta taɓa roƙonsa a goge layin, ya ce doka doka ce, ranki ya daɗe. Yanzu yana tuna mata cewa gobe da azahar garin masunta zai zama kufai, shi zai ɗauka, ya gina mata gadar dutse.

Gogewa ta gagara, ƙarin layi doka ta hana, kira kuma ba a ɗauka. Ana tashi daga aiki ta ja ƙafa ta zagaya bayan asibiti.

Shagon na warin wayar lantarki da ta ƙone, fankoki rataye ko'ina, wasu ba kai, wasu ba fiffike. Yana sunkuye yana naɗa waya, bai ɗago ba.

"Malama nas, allura aka zo yi mini?"

"Saura kwana ɗaya..."

"Na iya ƙirge."

"Alƙali zai ɗauke garinka."

"Ya ɗauka mana. Da ma a waya yake."

Maganar ta same ta inda ya nufa. Ta zauna a kan benci ba tare da an ce ta zauna ba.

"Na nemi a goge na shafin, an hana ni. Wanda na faɗa maka da baki kuwa, ban ma san wa zan roƙa ba. Na gaji, masoyi. Na gaji da jira, na gaji da Yaya, na gaji da fushin nan... Amma wallahi ban gaji da kai ba."

Ya ajiye abin da yake naɗawa. Can ya ce kullum da safe sai ya buɗe shafin, ya fara rubutu ya fasa, don bai san me ke biyo bayan ruwa irin wannan ba, kuma shi ba zai yi kamar ba a yi komai ba. Ya goge baƙin mai a tsumma, ya ɗauki wayarsa, ya shiga dannawa da yatsa ɗaya, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa.

Tata wayar ta motsa. Ta karanta: "Gadar ta tafi, ba za ta dawo ba. Washegari wani masunci ya ɗaure kwalekwale a bakin garin gishiri, ya ce zai jira, ko mutum ɗaya ne."

"Saura ke," in ji shi.

Ido na ruwa, da ƙyar ta ga haruffan. Kalma biyu ta rubuta: "Ta shiga."

Ta jingina kai da bango, wai ta huta minti biyar. Kafin ya gama gaya mata ranar Asabar zai koma wajen Yaya Babba, barci ya ɗauke ta. Sau huɗu ya yi wannan komawar kafin Yaya ya sauko a ɗaura aure. Amma ran nan dai, fankar wani da ya gama gyarawa ya jona, ya juyo ta wajenta, ya rage mata gudu, ya ce wa mai ita ya dawo gobe.