Jan Turke a Tsakar Ɗakin Amarya

"Cire shi, Sedinam! Don Allah cire shi kafin Dada ta gani!" in ji saurayina Elikplim, yana nufin mahaifiyarsa.

Jan turke na kafa a tsakar ɗakin da Elikplim yake gina mini. Shekara biyu ina auna gaɓar garinmu saboda digirina na biyu, kan yadda ɗumamar yanayi ke sa teku cin ƙasa. Turken shi ne inda ruwa zai kai nan da shekara uku.

"Efo, ko na cire, teku ba zai fasa ba..." Efo nake kiransa, wato yaya a yarenmu.

"Da hannuna na buga bulon nan, kullum bayan jan taru! Wannan ce godiyar?"

Ashe Mawuse mai ƙyafa kifi, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kansa, ta riga ta kai wa mahaifiyarsa labari. Wai ni ke nuna wa teku hanya, duk inda na kafa turke sai ruwa ya biyo. Abin haushin, yana biyowar.

Da na je gaishe ta, Dada ko kujera ba ta ba ni ba.

"'Yar boko, ki tsaya gaban dattawa ki ce takardarki ƙarya ta yi. In ba haka ba, a dawo mana da kayan gaisuwarmu!"

Elikplim ya biyo ni har gindin kwakwa, idonsa jajur.

"Kalma ɗaya ce, masoyiyata... ko iya baki ne, ki faɗa."

"In na faɗa, gida arba'in za su zauna a bakin ruwa da 'ya'yansu saboda bakina."

"Ni fa?"

Ina son sa kamar raina, amma ban ƙaryata takardata ba, aka ɗaura masa aure da Mawuse.

Teku ma bai jira cikar shekara ukun ba, ya iso turken. Ranar da malamaina suka tafa mini wai lissafina ya fita daidai, banɗaki na shiga na yi kuka. Da ma na faɗi jarrabawar.

Bayan sati biyu sai ga Elikplim a ƙofarmu, ya rame ya yi baƙi.

"Malama Sedinam..."

Malama! Bakin da ya saba ce mini masoyiya.

"Gidan ya tafi. Mawuse na da cikin wata bakwai. An ce ke kaɗai kika san inda ruwa ba zai kai ba."

Na saka takalmina, muka haye tafki a kwalekwale. Na kai shi wani tudu mai jar ƙasa.

"Gina a nan. Sau uku na auna shi, har jikokinku za su kwana lafiya."

Ya daɗe yana kallon wurin.

"Tun yaushe kika san da shi?"

"Mu na nema wa, Efo. Ranar da na zo in gaya maka, na tarar ana kiɗan aurenka."