Jaruma Kande da Dutsen Zuma

Ranar da Ameer ya fara ganin Rekiya, hamma yake yi. Ba laifinsa ba ne. Wata uku ke nan da aka kwaso ma'aikatarsu daga Legas aka jibge a Abuja. Bai samu gida ba sai ɗaki ɗaya a Gwagwalada, kullum ya yi sammako ya bi motar ma'aikata, ya dawo jiki duk a mace. Ana cikin haka hedimastan firamaren unguwar ya ji cewa mai zanen taswira ne, ya roƙe shi ya riƙa koya wa yara zane ranar Asabar. Kunya ta hana shi cewa a'a.

"Malam, in barci kake ji ga benci," in ji Rekiya, malamar ajin, tana miƙa masa alli.

Ya rufe baki ya dube ta. Barcin bai sake dawowa ba.

Ya ce wa yaran jarumi za su zana, irin na littattafan labari cikin hoto, wanda ke tashi sama ya ceci mutane. Yara suka ce atafau mace suke so, sunanta Kande, kuma tana iya ɗaga Dutsen Zuma. Ya koya musu da'ira don kai, sanda don gadon baya, gida huɗu a kowane shafi. Sai dai duk Kanden da ya zana a allo, da wushiryar Rekiya take fitowa. Yara kuwa ba makafi ba ne.

Kwalin alli ya zama gidan waya, a ciki suke ajiye wa juna wasiƙa.

"Malama, jiya na zana titi a ofis ya karkace, oga ya yi ta faɗa. Ke ce sila. Naki, Ameer."

"Mai fensir, a gyara wa gwamnati titinta, kada a ce ni na jawo. Ka riƙa cin abinci, ka rame."

Ƙaya ɗaya ce a hanya, wato mahaifinta. Baba Yamusa manomin Gbagyi ne, an tashe su daga ƙauyensu saboda ginin sabon birni, tun daga nan ya tsani duk mai riƙe da takarda da fensir. Ga kuma Maitama, dillalin katako a Dei-Dei, yana ta zarya ƙofar gidan da motarsa.

Ameer ya ga ya yi dabara. Ya haɗa zanen yaran ya ɗinke, ya zana bangon littafin shi kaɗai bai nuna wa kowa ba: Kande tsaye, dutse a kanta. Ya kai wa tsohon kyauta.

Baba ya daɗe yana kallo. "Wannan wane ne?"

"Jarumar Gbagyi ce, Baba."

"Matanmu ba ya ɗaukan kaya a kai. Kai sarkin jiki ne, kafaɗa ke aiki. Kana sayen doya a hannunsu, ko sau ɗaya ba ka dube su ba. Haka 'yan'uwanka suka zana gonata, ba su ga mutum a ciki ba. Tashi ka tafi, yaro."

Sati biyar kwalin alli ba komai sai alli. Rekiya ta daina zuwa ranar Asabar. Sau biyu ya hangi motar Maitama a layinsu, ya ce shi ke nan, an yi ba shi. Gajiyar da ya manta da ita ta dawo da kayanta. Yana sonta, kuma ya san shi ya ɓata da hannunsa, wannan ya fi komai ciwo.

Wata Asabar ya kafa bangon littafin nan da Baba ya ƙi karɓa a jikin allo. Aji ya fashe da dariya.

"To, na yarda na kwafsa. Yau ku ne malamai."

Yara mata suka fito, suka ɗora jakunkunansu a bayan kafaɗa, suka ɗan duƙar da wuya, suna zagaya ajin. Ya zauna a benci yana kwaikwayo, suna gyara masa. Wani sati da ya buɗe kwalin, sai ga takarda.

"Mai fensir, ɗalibaina sun ba ni labari. Ni ban ce ina son Maitama ba, haushinka ne ya sa na yi shiru. Baba yana gida ranar Lahadi. Kada ka zo masa da hoto, zo da farar takarda. Taka, in Allah ya yarda."

Ya je, ya durƙusa.

"Baba, ni ban iya gani ba. Ka faɗa mini yadda ƙauyenku yake, in zana."

Tsohon ya yi kamar bai ji ba. Can sai ya ce, "Akwai rafi a gabas."

Tun hantsi suke abu ɗaya har la'asar. Rumbunan sun yi tsawo, a goge. Ɗorawar ba nan take ba, a goge. Yatsun Ameer suka sage, bayansa ya ƙage, ya ci gaba da gogewa yana sake zanawa. Rekiya tana bayan ƙyaure, ruwan da ta ɗebo musu har ya yi ɗumi a hannunta.

Daga ƙarshe Baba ya ɗora yatsa a gindin ɗorawar, inda babu komai.

"Nan uwata yake kwance. Yanzu kwalta ne a kai."

Ameer ya zana ɗan tudun ƙasa a wurin, a hankali. Tsohon ya juya fuska yana share ido da hularsa.

"Ka turo manyanka," ya ce.

Bayan an haƙe doya aka ɗaura aure, 'yan ajin suka cika gidan da ihu. Da za a tafi da amarya, Baba Yamusa ya kama hannun Rekiya ya sa a na Ameer.

"Ƙasa an karɓa ba a tambaye ni ba. Wannan ni na bayar da kaina. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Rekiya ta ce amin, tana kuka.